Tsakuwa a cikin injin

Waɗanda suka gan ni ranar Talata a garejin da ke bayan Kasuwar Dole ina share zufa da hula, ga yadda aka yi, tun kafin mai shayin wurin ya ba ku nasa labarin.

Kun dai san bashe ɗina, motar ɗaukar kaya 504 ɗin nan da ta girmi ɗana na fari. Da asuba na ƙara mata mai na nufi Mirya ɗauko kayan lambu. A tafiya ban ga komai ba sai ɗan hayaƙi. A dawowa da lodi, ina ba ta wuta sai na ji kar-kar-kar a cikin injin, kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin tumatir ana kaɗawa. In na sassauta ƙafa ta yi shiru, in na taka ta dawo. Ƙarfi kuwa babu. Wani ɗan kabu-kabu ɗauke da mutum biyu da tunkiya ya wuce ni, har tunkiyar ta waiwayo ta dube ni.

Na tsaya gefen kwalta, na sassauta delko, wato abin da ke raba wa buji (fulogi) wuta a kan lokaci, na murɗa shi kaɗan, don na taɓa ganin ana yi. Ta wane gefe ake murɗawa, wannan ban taɓa tambaya ba. Tsakuwa ta koma duwatsu. Kilomita 18 ɗin nan sai da suka ci mini awa guda da rabi.

Kafin in iso Damagaram na riga na yanke hukunci: yaron nan ɗan ruwa-ruwa na bakin layinmu ne ya cuce ni, don wurinsa na sayi lita 20 ranar Litinin. Na sani, za ku ce ga matatar SORAZ nan kan hanyar Tanut tun 2011, kuma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 na kwalba ma ya daina araha, me ya kai ni? Bashi ya kai ni. Gidan mai ba ya cewa "kawo gobe, Baba". Na biya ta layin, na sa shi gaban mota, na ce yau sai ya yi bayani gaban masana.

Mai garejin bai ce uffan ba, ya shiga muka zaga da ita. Ya sa babbar giya ya taka, ƙarar ta fito. Ya tsaya ya bar injin yana aiki, shiru. Ya ce da bawul ne suka saki, ko a tsaye za a ji tik-tik. Da kuma a ƙasan injin ne, ƙarar mai nauyi ce kamar ana daka a turmi. Wannan da ba ta fitowa sai da lodi, man ne ke fashewa da kansa a cikin silinda maimakon ya ci a hankali daga wutar buji. Ko injin ya yi zafi, ko an tura wutar gaba, ko man ba shi da kyau.

"Ka ji ko!" na ce da yaron. Sai na buɗe wa'azi. Na yi maganar amana, na yi maganar mudu da ma'auni, na ce yaran yanzu ba sa tsoron kwanciyar kabari. Mutane suka fara taruwa. Yaron yana ta rantsuwa, "Wallahi Baba man nan shi na sayar wa kowa."

Ana haka mai garejin ya ɗago daga cikin injin ya ce, "Alhaji, wa ya taɓa delkon nan?" Na ce wataƙila girgizar hanya ce. Ya dubi sabon shatin sufana a kan notin, ya dube ni, ya yi shiru. Ya ciro buji ɗaya, baƙi ƙirin, jiƙe. Ya sa aparanti ya zuƙo mai daga tanki, ya ɗiga a kan takardar buhun siminti. Ya ce fetur zalla bushewa yake nan da nan. Muka tsaya mu wajen goma sha biyar muna kallon takarda kamar masu duban wata. Gefen ya bushe, tsakiya ta bar maiƙo. Ya shinshina. "Da gazuwal a ciki." Man dizal ke nan.

Na juya zan ɗora daga inda na tsaya, sai wayata ta yi ƙara. Kun san wayar, tun da ta faɗa randa ba a jin magana sai an sa ta a sifika. Uwargida ce.

"Malam, ina bido mai shuɗi na bayan ƙofa? Lita biyar na gazuwal ɗin injin niƙa ne, ga mata sun cika gida da gero tun safe."

Na ce ina zuwa. Ta ce ba ta ji ba. Ta maimaita, a hankali, kalma bayan kalma, har da "mai shuɗi". Ina ta laluben inda ake kashewa, yatsana duk baƙin mai, wayar tana zamewa, ita kuwa tana ƙara bayani: nata ne mai murfin leda, nawa na fetur yana nan cike, ba a ko taɓa shi ba. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Aparanti ya shige ƙarƙashin wata mota da ba a ce ya duba ba, ina ganin ƙafafunsa suna rawa.

Sai mai shayi. Mutumin nan fa ba wanda ya kira shi. Ya baro tukunyarsa ya tsallako titi, ludayi a hannu, ya ce shi tun shigowata ya ji warin gazuwal, kunya ce ta hana shi faɗa. Kunya! Wanda ya taɓa bi na har masallacin Juma'a kan dala ashirin. Shekara nawa ina shan shayinsa mai ruwa-ruwa, madara kamar an nuna wa kofin gwangwani daga nesa, ban taɓa tona shi ba. Ko keke bai taɓa mallaka ba, amma ya tsaya yana koya wa jama'a cewa gazuwal matsi yake so, fetur kuma wuta, kamar shi ya ƙera injin. Har da cewa yaron, "Yi haƙuri ɗana, haka manya suke."

Aka zubar da tankin duka, aka wanke karbireto, aka sa buji huɗu sababbi, aka mayar da delko inda na same shi. Mai garejin ya ce da na ci gaba da takawa da sai na huda fistan. Salak ɗin da na ɗauko ya kwanta a rana, na sayar da rabi a bakin abin da aka taya.

Yaron na mayar da shi layi da kaina. Bai ce komai ba a hanya. Jiya na tsaya wurinsa, ya gaishe ni har ƙasa, ya ce kuɗi hannu. Bido kuma na ce a sayo ja, har yanzu ba a sayo ba.