Buƙatun Birni a Lokacin Zaɓe: A Rage Jerin, a Nemi Doka

Duk lokacin da babban zaɓe ya gabato, hukumomin manyan birane sukan fitar da takardar buƙatunsu, suna neman jam'iyyu da 'yan takara su yi alƙawarin tallafa musu idan suka hau mulki. Ba ni da ja da wannan, domin watannin yaƙin neman zaɓe su ne kusan kaɗai lokacin da mai neman shugabancin ƙasa yake sauraron magajin gari da kunnen basira. Matsalata tana ga yadda ake rubuta takardar. Sau da yawa za ka tarar an jero filin wasa da gadar sama da sabuwar jami'a da faɗaɗa filin jirgin sama da wasu abubuwa barkatai, saboda kowane kansila yana so a ga mazaɓarsa a ciki. Ɗan takara mai wayo ba ya ƙin irin wannan takarda, tunda zai tsinci mafi araha kuma mafi ɗaukar ido ya yi alƙawarinsa a dandalin taro, sauran kuwa ya ce ana nazari. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle ashirin.

A ganina ma'aunin guda ɗaya ne: birni ya nemi abin da ya fi ƙarfinsa, ko ta fuskar kuɗi ko ta fuskar doka. Kwashe shara da gyaran fitilun titi aikin hukumar birni ne, kuma magajin garin da ya sa su cikin roƙonsa ya tona asirin gazawarsa ne kawai. Ruwan sha daban ne. A Afirka ta Kudu, alhakin samar da ruwa daga tushe yana wuyan gwamnatin ƙasa, birni kuma shi ke rarraba shi gida-gida. Bayan shekaru uku na ƙarancin ruwan sama, a farkon 2018 birnin Cape Town ya ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, wadda a cikinta zai sha, ya yi girki, ya yi wanka da wanki, ya kuma kora ban-ɗaki, har aka tsayar da ranar da za a rufe famfuna jama'a su koma bin layi da jarkoki. Jam'iyyar DA ke riƙe da birnin, ANC ke riƙe da ƙasar, kuma yayin da ruwa ke ja da baya a madatsu, ɓangarorin biyu suna ta ɗora wa juna laifi. A Amurka ma, sai da babbar matatar ruwan birnin Jackson ta jihar Mississippi ta tsaya a watan Agusta na 2022, mutane kusan 150,000 suka rasa ruwa mai tsabta, sannan majalisar dokokin ƙasar ta ware dala miliyan 600 a watan Disamba. An daɗe da sanin cewa matatar ta tsufa. Sai dai bututun da ke binne a ƙasa ba ya fitowa a hoton kamfe, shi ya sa ya zama wajibi birni da kansa ya ɗora shi a saman jerin, domin babu ɗan takarar da zai tuna da shi don raɗin kansa.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne siffar tallafin da ake nema. Alƙawarin aiki guda, komai girmansa, yana rataye ne da ra'ayin wanda ke kan kujera. Shekara da shekaru biranen arewacin Ingila suna tsara makomarsu bisa layin dogo mai gudun gaske na HS2, amma a watan Oktoba na 2023 Firaminista Rishi Sunak ya soke ɓangaren da zai tashi daga Birmingham zuwa Manchester, kuma a cikin Manchester ɗin ya tsaya ya yi sanarwar. Kanada ta bi wata hanya: a 2005 gwamnatin Paul Martin ta fara ba ƙananan hukumomi kaso daga harajin man fetur kowace shekara, daga baya aka mayar da shi na dindindin a doka, kuma mulki ya sauya hannu tsakanin manyan jam'iyyun ƙasar ba tare da kuɗin ya tsaya ba. Birnin da ya san abin da zai shigo masa shekaru goma masu zuwa zai iya tsara sauya tsofaffin bututu unguwa bayan unguwa, ya kuma ci bashi mai sauƙin ruwa bisa wannan tabbaci. Ko dokar ma sai an kula da lafazinta. Kundin tsarin mulkin Kenya na 2010 ya ba gundumomi aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, amma gwamnoninsu sun sha kokawa kan jinkirin sakin kuɗin, don haka ranar biya tana da muhimmanci kamar adadin.

Akwai kuma kuɗin kula da aiki, wanda ba a cika ambatonsa ranar aza harsashi ba, alhali albashin ma'aikata da kayan gyara duk a kan birni za su faɗa bayan an tashi daga bikin buɗewa.

Mutanen karkara za su ce birane sun riga sun kwashe kaso mafi tsoka, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Amsar ita ce birni ya fito da lissafinsa fili, ya nuna abin da yake tarawa na haraji da abin da zai zuba daga aljihunsa a kowane aiki, maimakon ya tsaya miƙa hannu kawai. Kada kuma magajin gari ya mayar da takardar makamin jam'iyyarsa, domin ƙarfinta yana ga ƙuri'un mazauna birnin baki ɗaya. A 1975, lokacin da New York ke dab da tsiyacewa, Shugaba Gerald Ford ya fito fili ya ƙi ceto shi, ko da yake bayan 'yan makonni ya amince da rancen dala biliyan 2.3 bisa sharuɗɗa masu tsauri. A zaɓen 1976 Jimmy Carter ya cinye jihar New York, wadda a lokacin ke da wakilai 41 a kwalejin zaɓe, wato taron wakilan jihohi da ke zaɓen shugaban Amurka, adadin da da Ford ya samu da ya zarce a kan mulki.

Saboda haka ina ganin buƙata uku ko huɗu sun isa, kowace da kuɗinta da wa'adinta, a aika wa dukkan 'yan takara a rana ɗaya, a nemi amsa a rubuce. Makonni biyu kafin jefa ƙuri'a hukumar birni ta buga amsoshin gefe da gefe, tare da sunayen waɗanda suka ƙi amsawa.