Kotu ɗaya, ma'auni biyu

Jama'a, duk mai son ya ga yadda alƙalai ke auna shaidar masana halayyar ɗan Adam, ya ɗora shari'u biyu na Kotun Ƙolin Amurka gefe da gefe.

Ta farko ita ce ta Thomas Barefoot a 1983. Dokar jihar Texas ta ce ba a yanke hukuncin kisa sai masu taya alƙali yanke hukunci sun gamsu cewa mai laifin zai ci gaba da zama barazana ga jama'a. Likitan ƙwaƙwalwa James Grigson ya tabbatar musu da hakan, alhali bai taɓa zama da Barefoot ya duba shi ba. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka da kanta ta rubuta wa kotu cewa irin wannan hasashen, biyu cikin uku kuskure ne. Kotu ta ce a karɓa, wai lauyan wanda ake tuhuma zai iya rusa shi da tambayoyi. Ina talaka mai lauyan da gwamnati ta ba shi zai iya ja da mutumin da ake kira likita? An kashe Barefoot a 1984, ƙungiyar kuma ta kori Grigson a 1995.

A 1987 sai ga Warren McCleskey, baƙar fata daga jihar Georgia da aka yanke wa hukuncin kisa, yana kafa hujja da binciken Farfesa David Baldus kan shari'un kisan kai sama da 2,000. Binciken ya nuna wanda aka tuhuma da kashe farar fata ya fi wanda aka tuhuma da kashe baƙar fata yiwuwar samun hukuncin kisa ninki 4.3. Alƙalai biyar cikin tara ba su ƙaryata alƙaluman ba, sai suka ce ba su nuna an zalunci McCleskey shi kansa ba.

Wannan yana ci mini rai. Zaton likita ya isa a ɗauki ran mutum, amma aikin da aka gina kan dubban shari'u bai isa a tsaya a sake dubawa ba.

Shari'ar Daubert, wadda Kotun Ƙolin ta yanke a 1993, ta ɗora wa alƙalin tarayya nauyin tantance shaidar masana: an gwada hanyar? Sau nawa take kuskure? Sauran masana sun yarda da ita? Da an yi wa Grigson tambaya ta biyu da gaske, da bai kai ga buɗe baki a gaban kotu ba. Sai dai har yau Kotun Ƙoli ba ta soke hukuncin Barefoot ba, kuma Texas na ci gaba da tambayar masu taya alƙali ko mutum zai zama barazana nan gaba.