Abin da na gani a cikin agogon mahaifinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Jiya bayan la'asar na kai tsohon agogon bangon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, wurin wani dattijo mai gyara a kasuwar Wunti. Irin na da ne da ake yi wa wani da makulli, wanda faifan tagulla ke lilo a cikinsa. Tun hunturu ya tsaya cak.

Baba mai gyaran ya buɗe bayansa, ya hure ƙura, ya ɗiga mai, ya yi masa wani. Sai ya ce, "Ɗana, matso ka gani." Ya nuna mini wani ƙarfe mai ƙugiya biyu da ke kama haƙoran wata 'yar ƙafa yana saki. Duk zuwa da dawowar lilon, haƙori ɗaya ke kuɓucewa, ya ɗan tura lilon. Turin bai kai a gani da ido ba, amma da babu shi, iska da gogayya za su cinye ƙarfin lilon har ya tsaya.

Wallahi jikina ya yi sanyi, don na tuna azumin da ya wuce. Masallatan Bauchi sun cika maƙil, tahajjud har kan titi. Yau fa, sahu nawa muke yi da asuba? Mun yi wa zukatanmu turi ɗaya mai ƙarfi, muka koma gefe muna jira su yi ta tafiya har baɗi. Alhali Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne. Shafi ɗaya na Alƙur'ani bayan asuba, istigfari a kan hanyar kasuwa, naira ɗari ga almajiri.

Lilon nan bai damu da nauyin faifansa ba, tsawon sandarsa ne ke yanke saurinsa. Mai tsawon kusan mita ɗaya, sakan ɗaya yake ɗauka daga gefe zuwa gefe. A kan wannan ƙa'ida Christiaan Huygens, mutumin Holan, ya ƙirƙiro agogo mai lilo a 1656. Akwai ma wani irin lilo da Léon Foucault, masani ɗan Faransa, ya rataya a Faris a 1851, waya mita 67 da dunƙulen kilo 28, jama'a suka ga shaidar cewa ƙasa na juyawa. Subhanallah, mutum dai gano ƙa'idar ya yi, Allah ne Ya ajiye ta.

Da zan tafi, Baba ya nuna mini wani ɗan noti a ƙarƙashin faifan. Ya ce idan zafin bazara ya shigo ƙarfe kan ɗan miƙe, agogo ya riƙa latti ba ka sani ba. "Duk Juma'a ka gwada shi da lokacin rediyo, in ya ja baya ka ɗan murɗa sama." Na karɓa, na ce in sha Allahu, Baba.