Yadda Wayar Intanet Ɗina Ta Koma Igiyar Shanya

Gidanmu na Unguwar Rogo marigayi Baba ne ya gina shi, kuma da dutsen Jos ya gina, irin bangon da in ka buga masa ƙusa ƙusar ce ke lanƙwashewa. Shekara uku wata shuɗiyar waya tana tasowa daga rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, a falo, ta bi ƙasa, ta ratsa bakin ƙofar Hajiya, ta shiga ɗakina ta maƙale a bayan kwamfuta. Da ita nake aikin wani kamfani na Abuja ba tare da na bar gida ba. Ba ta taɓa ba ni kunya ba. Laifinta ɗaya, harɗe ƙafar mutane.

Ranar da ta harɗe Hajiya har butar alwala ta kife, ƙanina ɗan jami'a ya samu bakin magana. "Yaya, ai zamanin waya ya wuce. WiFi kawai, iska ce za ta kai maka." Ni kuma da son a ce na waye, na tsuge ta nan take. Uwargida ta karɓa ta yi ciki da ita, ban ma tambayi me za ta yi da ita ba.

Ashe rautar sunan WiFi biyu take nunawa, ɗaya da 2.4 a ƙarshe, ɗaya da 5. Mai 5 ɗin gudu gare ta kamar ɗan acaɓa ya hango kwastoma, amma da ta iso bangon Baba sai ta yi sallama ta juya. Mai 2.4 takan kutsa ta shigo ɗakina, sai dai ta iso a gajiye, sandar sabis ɗaya tal, tana numfashi sama-sama.

Litinin ɗin farko akwai taro ta Zoom ƙarfe takwas na safe, cikin Disamba. Wanda ya san hunturun Jos ya san me nake nufi. Na yi ta yawo da kwamfuta a hannu kamar mai neman ɓatacciyar akuya, har na gano wurin da sabis ya cika: tsakar gida, daidai tagar falo. Nan na zauna a kan turmi, sama kaftani da hula, ƙasa bargo da safa biyu. Ina cikin bayani oga ya ce, "Malam, me ya sa kake rawa?" Na ce hoton ne ke motsi. Haƙorana ne ke kaɗawa.

Washegari na koma ɗaki na haƙura da sanda ɗayan. Abin yana lallaɓawa har aka zo kan maganata, sai hoton ya daskare ina buɗe da baki. Minti biyu cur. Haka ya sake faruwa Laraba, a daidai wannan lokacin. Har na fara zargin ko da hannun mutane a ciki, sai na lura duk sanda abin ya faru ƙamshin ɗumamen tuwo ke tasowa daga kicin. Injin ɗumama abincin da na saya wa uwargida da kuɗina, ashe shi ma a kan 2.4 ɗin yake aiki, in an kunna shi sai ya dagula min sabis. Na roƙe ta ta jinkirta ɗumame zuwa tara. Ta ce, "Ka je ka faɗa wa Hajiya da kanka." Ban je ba.

Ana cikin haka na ga samarin layinmu sun fara cika dakalin ƙofar gida daga magariba har sha ɗaya, cikin wannan sanyin. Gaisuwa har da russunawa. Na ji daɗi, na ce tarbiyya ta dawo unguwa. Datar wata guda ta ƙare a kwana tara. Ƙanina ne ya ba abokinsa ɗaya lambar sirri, shi kuma ɗayan ya raba ta kamar goron ɗaurin aure. Abin haushin, ta taga sabis ke fita ya same su garau, ni mai biya bango biyu ne tsakanina da shi.

Na ɗauko wani mai gyara daga wajen Taminus. Ya ƙwanƙwasa bangon, ya tsotsi yatsansa, ya ce, "Alhaji, wannan ai ganuwa ce." Ya ce wayoyin hannu su ci gaba da shan iskarsu, amma kwamfutar da ke zaune wuri ɗaya a ja mata waya, tana iya kai mita 100 ba ta rage gudu ba, ɗakina kuwa ko 20 bai kai ba. Sai ya tambayi inda tsohuwar take.

Uwargida ta nuna masa tsakar gida. Ga ta nan ɗaure daga ginshiƙi zuwa bishiyar gwaiba, zannuwan Hajiya uku da safata suna shanye a kanta. Na ce a kwance. Ta ce ko kusa, ba ta taɓa samun igiyar da ba ta saki kamar wannan ba.

Sabuwa na saya, ya bi da ita ta saman silin, ya canza lambar sirri. Da magariba na fito masallaci, dakali wayam. Ɗaya daga cikin samarin ya wuce ni a kan hanya, ya ɗaga min hannu daga nesa, ko tsayawa bai yi ba.