Putra Heights: Tashar da ta san darajar ƙafar fasinja

A kudancin Subang Jaya, cikin jihar Selangor ta ƙasar Malesiya, akwai wata tashar jirgin ƙasa na cikin gari da aka ɗora bisa ginshiƙai, motoci na wucewa ta ƙarƙashinta. Sunanta Putra Heights, an buɗe ta ranar 30 ga Yuni, 2016. A nan layin Kelana Jaya, wanda ya taso daga Gombak ya ratsa tsakiyar Kuala Lumpur, yake tuƙewa. A nan kuma layin Sri Petaling yake kai ƙarshensa.

Ni dai tsayin ginin bai dame ni ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda aka haɗa bakin layukan biyu. Wanda zai canja jirgi ba sai ya sauko ƙasa ya tsallaka titi ya sake hawa ba. Ya fito daga wannan, ya taka 'yan taku a kan dandamali, ya shiga wancan. Mai ganin wannan ƙaramin abu ne, to bai taɓa ɗauko jaka da goyo a baya yana neman jirgi cikin ruwan sama ba, ga shi ƙasar Malesiya ruwa ba ya yi mata wuya.

Ɗaga layi sama yana da hujja. Jirgi ba zai yi karo da mota a mararraba ba, ba zai tsaya jiran danja ba, kuma ba a raba unguwa gida biyu da shinge. Layin Kelana Jaya ma ba shi da direba, na'ura ke tuƙa shi, irin wannan jirgin kuwa dole a keɓe masa hanyarsa. Amma duk mitar da aka ɗaga tasha, fasinja ne zai hau ta. Ranar da na'urar hawa bene ta lalace, tsoho da mai keken guragu sun rasa jirgi ko da yana zuwa a kan kari.

Tashar ƙarshe a bayan gari kuma tana da wata lalurar ta daban: mutanenta a warwatse suke cikin rukunonin gidaje, kaɗan ne za su iso da ƙafa. Shi ya sa aka tanadi wurin ajiye motoci da bas-bas masu kwaso mutane daga unguwanni. A ganina kuɗin waɗannan bas-bas bai kamata a lissafa shi a matsayin ƙari ba, yana cikin kuɗin layin tun daga tushe.

Mun ga abin da rashin wannan lissafi ke jawowa a Abuja. An ƙaddamar da jirgin birnin a watan Yulin 2018, tashoshi da dama suna nesa da jama'a, babu hanyoyin kirki da za su kai mutum. Ya tsaya a 2020 lokacin korona, bai dawo ba sai Mayun 2024, bayan an gina titunan shiga tashoshin. Kusan shekara huɗu ke nan taragai na zaune, bashin da aka ciwo daga Sin kuma yana nan yana jiran biya.