Kafin ka biya kuɗin manhajar haɗa lissafi, a gwada ta da takardun shagonka

Jama'a akwai abin da ke ci min rai game da manhajojin nan da ake tallata wa 'yan kasuwa, wai su haɗa maka lissafin POS da na banki da na sito a wuri ɗaya. Ni nake riƙe lissafin kawuna a kasuwar Singer, shaguna 2 da sito, kuɗi na shigowa ta Moniepoint da OPay da tiransifa, bashi yana littafi, sauran a Excel. Buƙatar kam tana nan wallahi, akwai daren da nake kai ƙarfe 11 ina bin alat ɗaya bayan ɗaya ina nema masa rasit.

Bara wani matashi ya zo mana da laftof ya nuna komai tsaf, muka ga abu gwanin sha'awa muka biya. Ashe bayanan da ya gwada mana nasa ne, shiryayyu. Da muka zuba namu sai ga katan ɗin taliya guda ya fito da suna 4, don kowane yaron shago da yadda yake rubuta shi, manhajar kuma ta ɗauke su kaya daban daban. Kwastoma ɗaya an rubuta shi Alh. a nan, Alhaji a can, wani wurin sunan garinsu kawai aka sa, bashinsa ya rabu gida 3. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, yanzu nawa muke bin mutumin nan?" Na kasa ba shi amsa, abin ya min ciwo sosai.

Don haka duk wanda ya kawo maka irin wannan, miƙa masa lissafinka na wata guda yadda yake da dattinsa, ka zauna ka ga me zai fito. A gabansa ka kashe data ka yi ciniki, ka ga ko in sabis ya dawo cinikin zai shiga sau ɗaya ko sau biyu.

Sai batun dala. Irin su Zapier, manhajar da ke haɗa wasu manhajoji su yi aiki tare, da dala ake biya, kuma yawan aikin da ta yi maka shi ne yawan kuɗin da za ka biya. Farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a banki, a 2024 ta haura 1,500, to ka lissafa da kanka. Odoo, wani tsarin riƙe lissafin kasuwanci, yana da na kyauta amma sai ka ɗauki wanda ya iya saita shi, shi ma ai biya ne.

Abin da na fi nanatawa, ran da za ku rabu da masu manhajar za ka iya kwashe bayananka duka a Excel ko CSV, wato fayil ɗin jadawali da Excel ke buɗewa? Wa kuma ke ganin lambobin kwastomominka? Amana ce mutane suka ba ka, ga dokar kare bayanai ta 2023 tana nan. Mu dai yanzu mun koma gyaran sunayen kaya, kowane kaya lamba ɗaya, mun kai na 200 da wani abu, saura ɓangaren sabulu da omo.