Samari, Ku Tambayi Iyayenku Yadda Suka Riƙe Fijo 504

Assalamu alaikum, ƙannena na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago. Maganar mota zan yi, kuma da ku nake, musamman waɗanda Allah ya buɗa wa a 'yan shekarun nan har suka fara leƙa kasuwar Berger suna taya 'yar Kwatano. Ban ce kada ku saya ba. Mota ni'ima ce, duk magidancin da ya taɓa tsayawa a Oshodi cikin ruwan sama da iyali yana jiran danfo ya san haka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne irin sayen da muke yi da irin riƙon da muke yi, domin na ga na iyayenmu da idona.

Duk wanda ya taso a Legas a shekarun 1980 ya san Fijo 504. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, daga 1975 kuma kamfanin PAN ya soma harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri da ke Kaduna. A shekarar ce ma Volkswagen ta fara aiki a masana'antarta ta Ojo, kan hanyar Badagry. Kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, sun shigo aljihun ma'aikata a daidai lokacin, gwamnatin soja ta Obasanjo kuma ta mayar da 504 motar manyan jami'anta. Sai ya zama irin motar da babban sakatare yake shiga, ita falken goro na Agege yake tara kuɗi ya saya. Ba ta da wani ƙyale-ƙyale. Kafireta ce, tayoyin baya ke ja, cikinta a ɗage yake daga ƙasa, tana haɗiye ramuka ba ta jijjiga fasinja, kuma daga Mushin har Mokwa babu bakaniken da zai ce bai san ta ba. Turawa sun daina yin ta a ƙasarsu tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000.

Za ku ce ai ƙarfen da ne mai kyau. Gaskiya ne, amma ba ƙarfe kaɗai ya sa mota ɗaya take ganin auren uba ta kuma kai amaryar ɗansa ba. Masu ita ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, in ya dawo daga masallacin asuba ba ya murza makulli sai ya ɗaga bonet. Ya duba ruwan lagireto, ya zaro sandar baƙin mai ya goge ya mayar ya sake zarowa, ya danna fanbel da yatsa, ya leƙa ruwan batir, ya zagaya tayoyi. Akwai ɗan littafi a aljihun gaban motar, duk ranar da aka yi juye ko aka sauya fulogi a rubuce take. Bakanikensa ɗaya ne, wani Bayarabe, kuma in ya kai aiki zama yake a benci ya ga abin da aka kwance da abin da aka ɗaura. Ya san iskar Legas gishiri gare ta, tana cin ƙarfe, don haka har ƙarƙashin motar ake wankewa. Haka sa'o'insa suke, ba shi kaɗai ba.

Sannan motar ba ta mutum ɗaya ba ce. In naƙuda ta taso wa matar maƙwabci da tsakar dare, ƙofar mai Fijo ake bugawa. Ita ke kai marar lafiya asibiti, ita ke ɗauko alhaji daga filin jirgi na Ikeja. Da Sallah ta matso a cika but da tsaraba, a bi ta Ibadan da Ilori, a haye gadar Jebba, a wuce Tegina da Birnin Gwari, har Kano. Wanda ya san rayukan mutane da yawa na rataye da motarsa ba zai yi wasa da birkinta ba.

Daga 1986, da shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka, sai ta hannu daga Turai da Amurka ta cika kasuwa. Wannan ba laifinku ba ne. Laifin da nake gani shi ne saurayi ya kwashe jarin shagonsa, ya ƙara da bashi, ya sayi motar da ta fi ƙarfinsa don kawai abokinsa ya yi. Kowa ya daka rawar wani zai rasa turmin daka tasa. Rana ta farko hotuna a Facebook da TikTok, wata uku kuɗin taya ya gagara. Fitilar gargaɗi ta kama a gaban sitiyari, sai a ce a lallaɓa. Baƙin mai ya wuce lokacinsa, sai a ce bari kasuwa ta buɗe. Damina ta zo a kutsa cikin ambaliya, ruwa ya shiga inji ya taɓa kwamfutar motar, alhali waɗannan motocin ba su da haƙurin 504, in sun ɓaci kayansu a Ladipo, kasuwar kayan gyaran motoci, sai ka yi gumi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuwa, ku zagaya lungunanmu ku ga motocin da aka lulluɓe da tamfol, masu su sun koma hawa acaɓa da Keke, ga masu bashi suna sallama.

Ɗan'uwa, kafin ka taya mota zauna da biro da takarda. Kuɗin saye shi ne mafi sauƙi a lissafin. Sa fetur na wata, juye, tayoyi huɗu, batir, inshora, lasisi da takardar lafiyar mota, ka kuma ware na gyaran ba-zata. In abin da kake samu bai ɗauki wannan ba tare da ka taɓa cefanen gida da abin da kake aika wa iyaye a Arewa ba, lokacinka bai yi ba tukuna, kuma babu abin kunya a ciki. Allah ya kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu a Suratul Isra'i, Annabi (SAW) kuma yana yawan neman tsari daga bashi. In ka tashi saye, nemi wadda kayan gyaranta suke ko'ina, ka je da bakaniken da ka yarda da amanarsa, ka tabbatar takardun kwastan na gaske ne.

Tayoyin hannu su ne suka fi tsorata ni, don an yi asarar rayuka da yawa a hanyar Ibadan saboda fashewar taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ka ga 1218, mako na 12 ne a 2018, ta tsufa ko da zanenta bai suɗe ba. Kada ka ɗora matarka da 'ya'yanka a kanta ka nufi gida Sallah, ko mai sayarwa ya rantse maka da Alƙur'ani.